Abin da ke cikin kwalbar maganin ciyawa: tambayoyin manoma da amsoshinsu

Duk shekara, da ruwan farko ya sauka, tambayoyi iri ɗaya ne ke fara zuwa mini. Wasu a bakin gona, wasu a rumfar mai shayi, wasu kuma ta waya bayan isha'i, idan an yi feshi ciyawa ta ƙi mutuwa. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa. Mun iya sayen kwalba, mun iya goya injin feshi, amma kaɗan ne a cikinmu suka san abin da aka zuba a kwalbar, da dalilin da ya sa aka zuba shi a yadda yake.

Malam, wai duk abin da ke cikin kwalbar nan guba ne?

A'a. Sinadarin da ke kashe ciyawar, wanda zan riƙa kira uwar magani, kashi ne kawai na abin da ka saya. Sau da yawa bai kai rabi ba. Sauran kuwa 'yan rakiya ne: ruwa ko wani mai da aka narkar da uwar a ciki, da sinadarin da ke shimfiɗa ɗigon feshi a kan ganye, da mai hana kumfa, da mai hana maganin lalacewa a ajiye, wani lokaci har da rini.

Kada ka raina 'yan rakiyar nan. Ka taɓa yayyafa ruwa a ganyen gwaza? Sai ka ga ya dunƙule kamar tsakiya ya gangare ƙasa, ganyen ko jiƙewa bai yi ba. Kowane ganye yana da irin wannan kakin a bayansa, wani mai kauri, wani mara kauri. Idan ka fesa uwar magani zalla a cikin ruwa, haka akasarinta za ta gangare. Mai shimfiɗawar nan dangin sabulu ne, shi ke fasa ɗigon ya baje a kan ganye, ya daɗe da danshi har maganin ya ratsa kakin. Shi ya sa za ka sayi kwalba biyu masu uwa ɗaya da ƙarfi ɗaya a rubuce, ɗaya ta yi aiki kamar yankan wuƙa, ɗayar ta yi sanyi-sanyi. Galibi kamfanin mai arahar ya tsuke hannu ne a wajen 'yan rakiya, domin doka ta tilasta a rubuta adadin uwar magani, su kuwa ba a cika bayyana su ba.

A ina ake yin sa? A nan ƙasar ne?

Aikin hawa biyu ne. Hawa na farko shi ne ƙera uwar maganin kanta a manyan masana'antun sinadarai, inda take fitowa kusan zalla, kashi 95 cikin 100 ko fiye, wata gari, wata ruwa mai kauri. Wannan aikin na ƙasashe ne irin su Sin da Indiya da Amurka da Jamus. Hawa na biyu shi ne haɗi: a ɗauko uwar, a tsinka ta, a zuba 'yan rakiya, a gwada, a ɗura a kwalba. Akasarin abin da ke kasuwanninmu ana shigo da shi ne a haɗe, sai dai akwai kamfanonin da ke yin haɗin da ɗurin a yankin Legas da Ogun.

Tushen kayan kuwa man fetur ne da ma'adinai. Gilifoset, wanda za ka ga an rubuta Glyphosate a jikin kwalba, yana buƙatar fosfaras da ake ƙonowa daga dutse da wutar lantarki mai tarin yawa. A ƙarshen 2021 da Sin ta rage wa masana'antunta wuta, guguwar Ida kuma ta tsayar da babbar masana'antar gilifoset da ke jihar Luwiziyana a Amurka, sai farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a duniya. Manomin da ya sayi lita da tsada a daminar 2022 ya zagi mai shago, alhali ruwan daga sama ya ɓaci.

Tun yaushe aka fara wannan abu?

Ba tsoho ba ne. Na farkon da ya yaɗu a duniya cikin masu iya zaɓe, wato masu kashe ciyawa su bar hatsi, shi ne 2,4-D, wanda aka gano a Ingila da Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1940. Atirazin ya fito daga kamfanin Geigy na Suwizalan a 1958. Farakwat ya zo daga kamfanin ICI na Ingila a 1962 da sunan Gramoxone. Gilifoset kuwa wani masanin kamfanin Monsanto na Amurka mai suna John Franz ne ya gano yana kashe tsiro a 1970, aka fara sayar da shi a 1974 da sunan Roundup. Haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka a 2000, daga nan kowa ya shiga yi, shi ya sa yau yake da sunaye barkatai a kasuwa alhali abu ɗaya ne.

Me haruffan nan da ke jikin kwalba suke nufi, EC, SL, WP da sauransu?

Wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci a wurina, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Haruffan suna gaya maka siffar da aka haɗa maganin, siffar kuma ita ke gaya maka yadda za ka bi da shi.

Masu haɗi ba su zaɓi siffa don ado ba, halin uwar ne ke tilasta su. Wadda ke narkewa a ruwa kamar gishiri, sai a yi ta ruwa tsararo, a rubuta SL. Gilifoset da farakwat da nau'in 2,4-D da ake kira amin duk haka suke. Ka zuba, ka ɗan juya, sun bi ruwa, ba sa kwantawa.

Wadda ba ta shiri da ruwa amma tana narkewa a mai, sai a narkar da ita a wani mai dangin kananzir, a zuba sinadarin da ke sulhunta mai da ruwa. Wannan shi ne EC, kamar butakilo da furofanil na masu shinkafa. Alamarsa, da ka tsiyaya shi a ruwa sai ya yi fari fat kamar an dama madara. Yana ratsa ganye da kyau, amma haka yake ratsa fatar mutum, yana cinye robar injin feshi, yana kuma kama wuta.

Wadda ta ƙi ruwa ta ƙi mai, ba yadda za a yi da ita sai niƙa. A niƙe ta lilis, a gauraya da farar ƙasa da mai jiƙawa, ta zama garin WP, kamar atirazin na leda mai lamba 80. Gari ba ya narkewa, yawo kawai yake yi a cikin ruwa kamar kamu. Ka ajiye injin ka tafi sallar azahar, kafin ka dawo ya kwanta a gindi. Idan ba ka jijjiga ba, kunyoyin farko za su sha kwantaccen maganin ya yi musu yawa ko ya toshe bakin feshi, na baya su sha ruwan banza. Na sha zuwa gonar masara in ga wani sashe fes wani sashe ciyawa har gwiwa, mai gona yana rantsuwa jabu aka sayar masa, ashe yaron da ya yi feshin bai taɓa girgiza injin ba. Dama garin a ƙaramin bokiti tukuna, kamar za ka yi koko, sannan ka juye a tanki.

SC shi ne garin da aka riga aka dama maka a kamfani, ya zo da kauri kamar fenti. An huta da ƙura, amma shi ma yana kwantawa a kwalba, sai ka girgiza sosai kafin ka auna. WG kuma garin ne aka dunƙula ƙanana kamar tsaki don kada ya tashi ya shiga hanci. CS wani salo ne mai wayo: an kulle maganin cikin 'yan ƙwanso da ido ba ya gani, yana fita a hankali, kamar wani nau'in fendimetalin, mai launin ruwan ɗorawa nan da ke rina hannu da wando. OD gari ne da ke yawo a cikin mai, irin wanda ake yi wa nikosalfuron na masara.

Wata kwalbar gilifoset an rubuta 360, wata 480. Ta 480 ta fi ƙarfi ke nan?

Sau da yawa abu ɗaya ne. Gilifoset zalla ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka sai a haɗa shi da wani sinadari ya zama gishiri mai narkewa. Wani kamfani ya rubuta nauyin gishirin gaba ɗaya, giram 480 a lita, ko kashi 41 cikin 100. Wani ya rubuta nauyin gilifoset ɗin kaɗai, giram 360. Kamar a auna gyaɗa da ɓawo ne, wani ya auna ta a ɓare. Farakwat ma haka: 276 da 200 duk ɗaya ne. Ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin suna kafin ka ƙara ko naira ɗaya saboda babbar lamba.

Me ya sa wani ke ƙone ciyawa a yini ɗaya, wani sai an yi mako biyu?

Mu dai muna son na sha yanzu magani yanzu, kuma nan ake yaudarar mu. Farakwat inda ya taɓa kawai yake ƙonewa, da taimakon hasken rana. Ka fesa da safe, da la'asar ganye ya yi yaushi, mai gona ya ji daɗi. Amma bai shiga saiwa ba. Ga ciyawar shekara-shekara masu ƙaramar saiwa irin su harkiya da guɗe-guɗe tun suna ƙanana, hakan ya isa. Ga tofa da kiri-kiri da aya-aya kuwa, aski kawai ka yi musu, ba a jima ba za su tofo.

Gilifoset shiga yake yi ta ganye, ya bi ruwan jikin tsiro har ƙarshen saiwa, ya toshe hanyar da tsiron ke ƙera wasu sinadaran gina jikinsa. Yunwa ce ke kashe ciyawar, yunwa kuwa ba ta kisa a yini. Sai kwana 7 zuwa 14. Yana son ciyawa mai rai, kore shar, tana tsakar girma. Wadda fari ya dafa ko ƙura ta rufe ba ta shan sa. Kuma yana son sa'o'i kamar shida ba ruwan sama.

Masu haɗa su biyun a tanki ɗaya don a samu sauri da ƙarko, asara suke yi. Farakwat zai ƙone ganyen kafin gilifoset ya samu hanyar wucewa. Ka kashe ɗan aike tun bai kai saƙo ba.

Ta yaya magani ke gane wannan masara ce, wannan ciyawa ce?

Ba ya ganewa. Shukar ce ke da abin kare kanta. Masara da dawa suna shan atirazin kamar yadda ciyawa ke sha, sai dai jikinsu na warware shi da sauri kafin ya yi ɓarna. Shinkafa ma haka take yi da furofanil. A nan akwai tarko: wasu magungunan ƙwari suna kashe wannan garkuwar ta shinkafa, don haka idan ka haɗa su da furofanil, ko ka fesa su kusa da juna, shinkafarka za ta ƙone tare da ciyawar. Ka duba takardar, za ka ga kwanakin da aka ce a bari tsakani.

Shi 2,4-D kwaikwayon sinadarin girma yake yi. Mai faɗin ganye idan ya sha sai ya yi ta girma ba tsari, ya murɗe, ya mutu, dangin hatsi kuwa su jure. To auduga da tumatir da wake da kuɓewa duk masu faɗin ganye ne, kuma ƙamshinsa kawai ya ishe su. Bayan na amin, yana da wani nau'i da ake kira esta, wanda ke tashi kamar tururi idan rana ta yi zafi, iska ta kai shi gonar maƙwabci. A wuri irin Kadawa ta jihar Kano, inda fadamar shinkafa ke kafaɗa da kafaɗa da ta tumatir, nau'in amin ya kamata a riƙe, a kuma yi feshi lokacin da iska ta kwanta. Injin da ya taɓa shan 2,4-D, ni ba na yarda a kai shi gonar auduga ko an wanke.

Abin da ya fi damuna shi ne gicci. Akasarin magungunan nan an ƙera su ne don gonar da ke da shuka iri ɗaya tal. Mu kuwa gero da dawa da wake da gyaɗa muke cakuɗawa a fili guda. Atirazin zai bar maka dawa ya kashe waken, kuma yana daɗewa a ƙasa, har waken da za ka sa daga baya yana iya shafa. Ga lalo da rama da tafasa da ke fitowa da kansu a gona, waɗanda iyayenmu mata ke tsinka don miya da kwaɗo. Maganin bai san su da wani suna ba sai ciyawa.

Na fesa na hana tsiro bayan shuka, ciyawa ta fito kamar ban yi komai ba.

Yaya ƙasar take ranar? Irin su butakilo da fendimetalin da haɗin atirazin da metolakilo shimfiɗa suke yi a saman ƙasa, su jira ƙwayar ciyawa ta tsaga su kama ta. Sai da danshi suke sauka inda ƙwayar take. Busasshiyar ƙasa, maganin zai zauna a sama rana ta cinye shi. Manyan hoge ma suna ɓoye ciyawa a ƙarƙashinsu. Idan kuma ka shiga da fartanya ko ka bar dabbobi suka tattake bayan feshi, ka yage shimfiɗar. A jigawa mai yashi kuwa matsalar ta juye: ruwa mai ƙarfi na iya tura maganin har kan irin da ka shuka, shi ya sa ake rage ma'auni a can.

Ruwan da zan dama da shi yana da wani tasiri ne?

Ƙwarai kuwa, kuma ina jin rabin maganin da ake kira jabu ruwa ne ya kashe shi. Gilifoset da farakwat suna manne wa laka nan take. Wannan halin ne ya sa za ka iya fesa su ka yi shuka ba da jimawa ba, domin da sun taɓa ƙasa sun mutu. To idan ka ɗebo jan ruwan kududdufi ka dama, ka kawo musu ƙasar har cikin tanki. Gwajin mai sauƙi ne: jefa tsabar kuɗi ko farin dutse a bokitin ruwan. Idan ba ka hango shi a gindi ba, kada ka dama da shi. In babu wani, ɗebi tun dare ya kwana, ka tsiyaye na sama.

Ruwan burtsatse mai nauyi, wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa kuma yake barin farin ɓawo a buta, shi ma yana ɗaure gilifoset. Maganinsa takin zamani da ake kira amoniyam salfet, kilo 1 zuwa 2 a lita 100, a narkar da shi tukuna kafin a zuba maganin ciyawar. In ka zuba daga baya, an riga an gama ɗaurin.

Gwangwanin madara nawa zan zuba a injin goyo?

Ba zan iya ba ka amsa da gwangwani ba sai na ga tafiyarka. Takardar magani da hekta take magana, ba da tanki ba. Auna fili taku goma sau goma, kimanin murabba'in mita 100, cika injin da ruwa zalla, ka fesa shi da irin tafiyar da ka saba. Idan lita 2 ta tafi, to hekta za ta ci lita 200. Injin lita 20 ke nan sau goma. In takarda ta ce lita 4 a hekta, kowane goyo zai sha mililita 400. Injin lita 16 kuma 320. Wani mai sauri ne, wani mai nawa, wani bakin feshinsa ya cinye ya buɗe, duk lissafin zai canza. Hekta ɗaya kimanin eka biyu da rabi ce, a nan ma ana yawan ruɗewa. Sayi kofin awo mai lamba, bai kai kuɗin lita ɗaya ba.

Zan iya haɗa biyu ko uku a tanki ɗaya? Wasu har garin sabulu da gishiri da kananzir suke ƙarawa.

Wasu haɗe-haɗen suna da kyau, takarda ma takan faɗa. Ƙa'idar ita ce ruwa rabin tanki tukuna, sai masu gari, sai masu kauri irin SC, sai EC, sai SL daga ƙarshe, kana juyawa a kowane mataki. Ba a haɗa su zallansu a gwangwani. Kafin ka cika tanki, gwada kaɗan a kwalbar gilashi ka ajiye rabin sa'a. In ya guntse kamar nonon da ya tsinke, ko ya rabu hawa-hawa, ko kwalbar ta yi ɗumi, ba sa shiri.

Gishiri kuwa gonarka kake kashewa a hankali. Kananzir yana ƙone ganye ya hana magani shiga. Garin sabulun wanki yana da kanwa-kanwa a jikinsa, yana canza halin ruwan, ga kumfa da ke cika tanki. Masu haɗi sun shafe shekaru suna gwada wane mai shimfiɗawa ne ya dace da wace uwa. In kana son ƙari, akwai na gaskiya a shagon magani.

Ba yadda mutum zai koyi haɗa nasa a gida ya rage kashe kuɗi?

Babu, kuma ba rowar ilimi ba ce. Ƙera uwar magani aiki ne na tukwanen ƙarfe masu auna zafi da matsi daƙiƙa bayan daƙiƙa, kuma kuskure kaɗan na haifar da wata gubar da ba a nema ba. A kusa da garin Seveso, arewa da Milan a Italiya, ranar 10 ga Yuli 1976, tukunyar wata masana'anta mai yin sinadarin da shi ne tushen maganin ciyawa 2,4,5-T ta yi zafi fiye da kima, hayaƙin wata muguwar guba mai suna dayoksin ya sauka a kan gari. Dabbobi suka mutu, fatar yara ta lalace, aka kwashe mutane daga gidajensu. Irin wannan dayoksin ne ya gurɓata haɗin 2,4-D da 2,4,5-T da sojan Amurka suka fesa a dazuzzukan Biyetnam a shekarun 1960, wanda har yau ake fama da sharrinsa. Waɗannan fa masu injiniyoyi ne da ɗakunan gwaji.

Ko hawa na biyu ba wasa ba ne. Kafin a amince da haɗi, ana ajiye shi a zafin digiri 54 na kwana 14 a ga ko zai rabu ko ya rage ƙarfi, a gwada kumfarsa, a gwada shi da ruwa mai nauyi. Wanda ke juye-juye a bayan shago da durom da sanda ba mai haɗi ba ne, mai algus ne, doka ma haka ta ɗauke shi.

To yaya zan gane na jabu?

Da ido kaɗai ba a tabbatarwa, amma akwai alamu. A Najeriya nemi lambar rajistar NAFDAC. A Nijar da Chadi nemi ta kwamitin magungunan feshi na ƙasashen Sahel da ke ƙarƙashin CILSS, ƙungiyarsu ta yaƙi da fari. Duba lambar rukuni da ranar yi da ranar lalacewa, su kasance bugun inji ne ba manni a kan manni ba. Duba hatimin baki. SL na kirki ba ya da laka a gindi. EC ya yi fari nan take, kada ka ga mai yana yawo a sama. Araha da ta wuce hankali, ka san araha ba ta ado. Kada ka sayi na tsiyaye a gorar ruwa ko da wa ya kawo. Karɓi rasit, ka ajiye kwalba ɗaya har ciyawa ta mutu. Na taɓa raka wani dattijo mayar da katan guda da ya zama ruwa da rini, mai shagon ya ce bai taɓa ganinsa ba, kuma ba mu da ko guntuwar takarda.

Me ya sa farakwat ke da launi da wari haka? An ce ma an hana shi.

Da gangan aka sa. Asalinsa ruwa ne mai kama da lemon kwalba ko shayi, mutane suka yi ta sha bisa kuskure, sai masu haɗi suka ƙara masa rini shuɗi-kore, da wari mai korar mutum, da sinadarin sa amai. Kurɓa ɗaya na iya kisa, yana lalata huhu, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007, Sin da ke ƙera shi ta hana sayar da na ruwa a cikin gida, NAFDAC ma ta sanar da janye shi da atirazin daga kasuwar Najeriya. Atirazin laifinsa gangarawa cikin ruwan rijiya.

Gilifoset ana ta ja-in-ja a kansa. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 mai yiwuwa yana jawo kansa, hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce ba ta ga haka ba, Turai kuma ta sabunta masa izini na shekara goma a 2023. Ni dai ba na shiga feshi da silifa da gajeren wando don jiran su gama gardama. Takalmin roba, safar hannu ta roba, doguwar riga, abin rufe hanci, iska a bayanka. Ba a busa bakin feshi da baki. Zanen da ke gindin takarda yana magana: ja ya fi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Idan wani ya sha, ba manja, ba madara, ba sa yatsa a maƙogwaro. Asibiti nan take, da kwalbar a hannu.

Akwai wanda ke kashe ƙuduji?

Ƙuduji ya gama ɓarnarsa a ƙarƙashin ƙasa kafin ka ga furensa, yana manne da saiwar dawa ko masara yana tsotso. Feshin 2,4-D bayan ya fito zai rage zubar iri, amma bai dawo da abin da ya sha ba. Dabarar haɗi mafi kyau da aka yi masa ita ce ta Kenya: a shafe ƙwayar masara mai jure wani maganin ciyawa da ake kira imazafir da ɗan maganin, ƙudujin da ya zo mannewa ya sha ya mutu. Sai dai sai da irin masarar da aka tanada don haka. A nan, abin da ke hannu shi ne irin da ke jure masa, kamar wasu daga cikin irin masara SAMMAZ na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru a Zariya, da taki isasshe, da juya gona da waken suya, da tuge shi kafin ya yi 'ya'ya. Tsiro ɗaya na zubar da dubban ƙwayoyi, suna kuma iya jira fiye da shekara goma.

Maganin da ke yi mini aiki da, yanzu sai na ninka.

In ruwa da awo da lokaci duk daidai suke, to wataƙila ciyawar ce ta saba. A cikin dubbai akan samu ɗaya da maganin bai kashe ba, ita ce za ta zubar da iri, bayan 'yan shekaru jikokinta sun cika gonar. An fara ganin haka da gilifoset a Ostareliya a 1996. Canza suna ba canza magani ba ne, tunda sunaye goma na iya zama uwa ɗaya. Canza uwar, ka juya shuka, wadda ta tsira kuma ka bi ta da fartanya kafin ta yi fure. Noman firi da maimai ba su tsufa ba.

Wanda ya rage zai kai baɗi? Jarkar kuma fa?

Akasari shekara biyu ake ba su daga ranar yi, in an ajiye a inuwa da murfi a rufe. Ɗakin kwano a watan Afrilu yana rage wannan wa'adin. Kada a ajiye a rumbu ko ɗakin girki ko ƙarƙashin gado, a sa kwaɗo, a bar shi cikin kwalbarsa ta asali. Wanda aka riga aka dama ba ya kwana, a dama daidai na ranar.

Jarkar da ta ƙare, ɗauraye ta sau uku kana juye ruwan a tanki, sannan ka huda gindinta da wuƙa. Robar tana shan maganin, wanki ba ya fitar da shi duka. In ba ka huda ba, mako mai zuwa za ka gan ta a hannun yaro an cika ta da kunun zaƙi, ko a rataye a wuyan jaki da ruwan sha.